Gayyar Ɗantala Mai Shela

Ɗantala ya gaji shela a wajen mahaifinsa. Tun yana saurayi, in za a yi gayya ko an yi ɓatan akuya a ƙauyensu Nariya, muryarsa ake fara ji. Ba shi da ganga, ba shi da lasifika, baki ne kawai, amma bakin yana da gishiri. Da tsufa ya kama shi sai muryar ta dishe, ya koma gindin darbejiya da 'yar rediyonsa.

Babbar 'yarsa Barakatu, wadda ke aure a Rano, ta buɗe shafi a intanet tana rubuta labaran ƙauyuka. Shi kuwa bai ɗauki abin da daraja ba. Cewa yake, "Yayi ne, uwata. Gobe za ku yar, ku koma wa rediyo."

Ana nan, wata damina zaizaya ta fara cin gefen maƙabarta. Kwarin ya matso har kusa da kabarin mahaifin Ɗantala. Ya aika wani gidan rediyo a birni, aka ce an ji, za a saka a layi. Hadari kuwa ba ya bin layi.

Barakatu ta zo gida ta rubuta sanarwa tsaf a shafinta, irin ta masu karanta labarai: ana sanar da al'umma, ana roƙon haɗin kai a fito gayyar toshe kwarin ranar Asabar. Mutane suka yi ta rubuta "Allah ya kawo ɗauki," amma ko shebur ɗaya ba a gani ba.

Da ta karanta masa, ya girgiza kai. "Wa kika kira a nan? Al'umma ba ta da ƙafa. Goge, ki rubuta yadda zan faɗa."

Ya gyara zama, cikin dasasshiyar murya ya fara: "Ana gaishe ku! Mahautan Kibiya, an ce wuƙa kaɗai kuka iya ɗagawa, buhun yashi sai masunta. 'Yan acaɓan Rurum, masu gudu ba kaya, mu gani a ƙasa! Habu na Sabon Gari, tuwon birni ya kashe maka gwiwa, ga kakanka nan ruwa zai tafi da shi."

"Baba, za su zage ni fa!"

"Su zaga. Wanda ya zage ki ya ji."

Haka aka yi. Kafin la'asar shafin ya kaure. Wani mahauci ya rubuta, "Ku gaya wa tsohon nan ya tanadi fura, zai ga masunta ko mu." Habu ya bugo daga Kano yana dariya yana rantsuwa.

Ranar Asabar da hantsi babura suka fara shigowa, kowane da damin buhuna a baya. Mahauta da masunta suka jeru suna miƙa wa juna yashi suna tsiya. Malaman allo suka fito da manyan ɗalibansu, Fulanin ruga suka kawo amalanken duwatsu. Barakatu na ɗaukar hoto tana sakawa, waɗanda suka noƙe a gida kunya ta fito da su.

Kafin azahar an toshe kwarin. Da yamma ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya bugi buhunan ya karkata gabas. Washegari Ɗantala ya dogara sanda ya je ya tsaya a kan kabarin mahaifinsa, ya tarar ko ɓurɓushin ƙasa bai zube ba. Ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a.