Gemun Malam Kashe-Kunna

A kamfanin nan mai rarraba fenti da tayil da bututun ruwa, babu wanda ya ɗauke shi aikin gyaran kwamfuta. Akawun sito aka ɗauke shi. Aikinsa ya san abin da ya shigo da abin da ya fita, ya sa hannu, ya yi faɗa da direbobi. Abin da ya mallaka a wurin bai wuce tebur ɗaya kusa da ƙofar sito ba, da kujera mai gajeriyar ƙafa wadda ya tallafe da guntun tayil, sai kuma gemunsa. Gemun kam ba na wasa ba ne. Cikakke ne, baƙi wuluk, da ɗan ratsin furfura ta hagu, kuma shi yake shafawa duk lokacin da zai faɗi abin da ba a tambaye shi ba.

Tsautsayin da ya jawo masa suna ya faru ne tun yana sabon zuwa. Firintar ofis ta haɗiye takardar manaja ta ƙi tofarwa. Sakatariya ta lallashe ta, masinja ya kwaɗa mata mari ta gefe, shiru kake ji. Shi kuwa wucewa ya zo yi da waya babu caji, ya ga soket a kusa, sai ya zare fulogin da ke ciki ya sa nasa. Da ya waiwayo ya ga idanu sun yi masa caa, ya gane fulogin wa ya zare, ya yi maza ya mayar. Firinta ta yi tari, ta yi gyaran murya, ta amayo takardar manaja tsaf.

"Ashe muna da injiniya a gidan nan ba mu sani ba!" in ji manaja.

Ya buɗe baki zai ce caji ya zo nema, amma ya ga yadda manajan ke kallonsa da girmamawa, sai ya shafa gemu ya yi shiru. Shirun nan shi ya cuce shi. Daga ranar, duk abin da ke da waya a bayansa ya zama nasa. Kwamfutar mai biyan albashi ta daskare, a kira shi. Fankar silin ta fara kuka, a kira shi. Magani ɗaya ya sani, kuma shi yake ba kowa: "Kashe ki kunna." In bai yi ba, ya ce a kashe a ɗan jima kafin a kunna. In wannan ma bai yi ba, ya tsuke fuska ya ce matsalar daga sama ce. Ba a taɓa tambayarsa wace saman ba. Haka sunan Malam Kashe-Kunna ya bi shi, har sababbin ma'aikata suka ɗauka a takardar haihuwarsa yake.

Abin da mutane ba su sani ba, a duk ginin babu wanda ya kai shi ƙin na'ura. Yana da ra'ayi a kan kowacce, kuma direbobi ne masu sauraro, tunda dole su tsaya gabansa kafin ya sallame su.

"Firinta tana jin ƙanshin gaggawa," yakan ce musu. "Ka je mata kana sauri ka gani. Sai ka yi kamar ba ka damu ba, kana kallon taga, sannan ta yi maka aiki. Halin gwaggona sak."

Game da lambar sirri kuwa, har jijiyar wuyansa tashi take yi. "A ce sai ka sa babban harafi, da ƙarami, da lamba, da wata alama mai kama da ƙugiya. Ka sha wahala ka haddace, ta ce lokacin canzawa ya yi. Ka canza, ta ce ai ka taɓa amfani da wannan. To da na taɓa amfani da ita, me ya sa jiya kika ce ba ita ba ce?"

Wadda ta fi ƙona masa rai ita ce kwamfutar teburinsa, wadda ba ta tashi sabunta kanta sai motoci sun yi layi a bakin sito. Ta rufe fuska, ta rubuta cewa kada a kashe ta. Shi kuwa ya juya ga direbobi ya ce, "Ku yi haƙuri, hajiya ta shiga wanka."

A gida ma bai tsira ba, don labari ya riga shi isa. Matarsa malamar firamare ce, kuma ita ce ta yayata wa dangi cewa mijinta ya iya kwamfuta, ba don ta yarda ba, sai don ta ga yadda zai yi. Yayarsa takan zo da waya cike maƙil da hotunan mutanen da ita kanta ba ta sani ba.

"Ta ce wai ba wuri. Ka samo mini wuri, amma ko hoto ɗaya kada ka goge."

"Yaya, wannan hoton yatsanki ne. Ga shi nan har kala-kala."

"Bar mini abuna."

Innarsa kuma ta koyi tura saƙon murya, amma ba ta koyi tsayarwa ba. Takan gaishe shi, ta yi masa addu'a, ta ajiye wayar a cinya, daga nan sai ya ji tana ba maƙwabciya labarin yadda yake fitsarin kwance yana yaro. Ba ya iya tsallakewa, don wani lokacin can ƙarshe ne take tuna abin da ya sa ta kira.

Ana cikin haka kamfani ya kawo na'urar ɗaukar fuska. Wani ɗan akwati ne baƙi aka manna a bango kusa da ɗakin mai gadi. Da safe ka tsaya gabansa, ya kalle ka, ya yi ƙara ɗaya, wata muryar mace ta ce an gode. In ba ta ce an gode ba, to ba ka zo aiki ba, ko da kana ɗauke da sito a ka. Manaja ya tara kowa ya ce zamani ya zo, an gama da masu sa wa abokansu hannu. Wani saurayi mai jakar goyo daga kamfanin da ya sayar da na'urar ya ɗauki fuskar kowa, ya tafi. Malam Kashe-Kunna ya tsaya aka ɗauki tasa da gemu a taje, ya ce wa mai gadi, "Baba, ka fara neman wani aikin. An kawo wadda ba ta gyangyaɗi."

Wata ranar hutu da yamma ya je wurin mai askinsa a ɗan daidaita masa gefe. Shekara da shekaru mutumin nan yake masa aski, bai taɓa ko ƙwarzanarsa ba. Amma ranar ya jingina waya a jikin madubi yana kallon ƙwallo, ido ɗaya a kan gemu, ɗaya a kan fili.

"Ka ajiye wayar nan mana," in ji Malam Kashe-Kunna.

"Haba Malam, ko a rufe mini ido zan yi maka aski."

Bai rufe baki ba aka jefa ƙwallo a raga. Mai aski ya daka tsalle, injin aski ya bi ta tsakiyar gemu ya share hanya tun daga haɓa har kunne. A madubi Malam Kashe-Kunna ya ga wani mutum mai rabin gemu yana kallonsa. Mai aski ya dinga rantsuwa yana ba da haƙuri, kuma abin haushin, daga baya alƙalin wasa ya soke ƙwallon. Babu yadda za a yi, aka kwashe sauran.

Da ya shiga gida, matarsa tana tsakar falo tana duba aikin 'yan ajinta. Ta ɗago, ta jawo mayafi ta rufe kai.

"Bawan Allah, maigidan ba ya nan."

"Ke, ni ne."

Ta ƙura masa ido, sai ta kife a kan littattafan yara tana dariya har da hawaye. "Abban yara, ashe kana da haɓa? Wallahi ban taɓa sani ba. Kuma ɗan ƙarami da shi!"

Autarsu ta leƙo daga ɗaki ta koma da gudu. Ya ɗauko wayarsa don ya kira mai askin ya ƙara masa zagi, wayar ta kalle shi ta ƙi buɗewa. Lambar sirrin kuwa ya daɗe da mantawa, tunda fuska ta saba yi masa aiki. Matar ce ta karɓa ta danna ta miƙo masa a buɗe. Ya tsaya yana kallonta.

"Yaushe kika san lambata?"

"Ni na sa maka ita."

Washegari ya isa wurin aiki da wuri, don kada ya shiga ta cikin taro. Ya tsaya gaban akwatin bango. Akwati ya kalle shi, ya yi ƙara biyu, muryar ta ce ba a gane fuska ba, a sake gwadawa. Ya matsa kusa. Ya ja baya. Ya ɗaure fuska irin yadda ya yi ranar ɗauka. Ya sa tafin hannu ya rufe haɓa. Har hular mai gadi ya ara, baƙa mai gashi-gashi, ya tara ta a ƙarƙashin baki. Mai gadi ya jingina da ƙofa yana ta ƙyaƙyatawa.

"Malam, ni dai da nake gyangyaɗi na gane ka."

Kafin a jima layi ya taru a bayansa, kowa yana ba da shawara. Masinja ya ce, "Malam, ka kashe ta ka kunna mana." Ya harare shi, ya wuce sito ba tare da an gode masa ba.

Yana cikin sallamar mota, saƙo ya shigo wayarsa daga kamfani: an lura ba ka zo aiki yau ba, ana fatan kana lafiya. Ya ɗauki wayar ya nufi ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, ka gan ni?"

Manaja ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce. "Na gan ka, Malam. Na ma fi ganinka yau."

"To ga shi an ce ban zo ba."

"Ai ni ba ni da iko a kan na'urar nan. Abin da ta rubuta shi ke tafiya babban ofis kai tsaye. Sai dai mu jira yaron nan da ya kafa ta. Na kira shi, ya ce yana hanya."

Yaron yana hanya ranar, yana hanya washegari, yana hanya har aka daina tambaya. Kullum Malam Kashe-Kunna ya zo, akwati ya ce bai san shi ba, saƙo ya shigo yana masa fatan samun sauƙi. Tun abin yana ba shi haushi har ya zauna ya yi tunani, hannunsa yana lalube a inda gemu yake a da. A nan wata dabara ta faɗo masa.

Da sakatariya ta leƙo ta ce firinta ta sake haɗiye takarda, bai ko ɗago ba.

"Ai ban zo ba."

"Malam, don Allah, baƙi ne za su zo daga babban ofis."

"'Yar nan, ni ma na so in taimaka. Amma kin ga," ya nuna mata wayar, "ina gida ba ni da lafiya."

Aikin sito bai fasa ba, don direbobi ba su yi masa laifin komai ba. Amma duk abin da ke da fulogi ya yi masa saki uku. Mai biyan albashi ya zo, aka ce masa ba a zo ba. Manaja da kansa ya sauko, kwamfutarsa ta ƙi nuna komai a allon ɗakin taro, baƙi kuma har sun zauna an zuba musu shayi. Malam Kashe-Kunna ya miƙe tsaye cikin ladabi, ya ce da yana nan da shi zai fara zuwa.

Baƙin suka yi taro a kan allo mai shuɗin fuska, manaja yana zana musu da hannu a iska yadda cinikin fenti ya hau. Ɗaya daga cikinsu, wata mata mai tabarau, ta tambayi ina mai kula da kwamfutocin reshen. Masinja, wanda ba ya iya riƙe magana, ya ce yana sito, amma bai zo ba.

Yammacin ranar sai ga saurayi mai jakar goyo, hanya ta ƙare. Ya goge tsohuwar fuska, ya ɗauki sabuwa, akwati ya yi ƙara ɗaya ya ce an gode. Malam Kashe-Kunna ya ce, "Ni ban gode ba." Babban ofis ya gyara masa kwanakin da aka ce bai zo ba, kuma matar nan mai tabarau ta sa aka turo wa reshen ma'aikacin kwamfuta na gaske. Malam ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya zagaya da shi ofis-ofis, ya nuna masa firinta ya ce, "Ga ta nan. Allah ya ba ka haƙurin zama da ita." Rabon da ya yi barci mai daɗi irin na makon nan har ya manta.

Sai dai gemu ba ya jin umarnin babban ofis. Ya fara tohowa, ya yi duhu, ya fara kama hanyar cika. Wata safiya akwati ya kalle shi ya yi ƙara biyu. Aka nemi saurayi mai jakar goyo, aka ce ya bar aiki. Sabon ma'aikacin kwamfuta ya duba ya ce lambar shiga cikin na'urar ta tafi da wanda ya tafi, sai an rubuta wa kamfaninsu, kuma kamfanin ya koma sayar da wani abu dabam.

Malam Kashe-Kunna ya tsaya gaban akwatin ya daɗe. Daga nan ya juya, ya tafi shagon mai aski, ya zauna a kujera, ya sa hannu ya kife wayar da ke jikin madubi.

"Kwashe duka," ya ce.

Haka yake yi har yau, duk ƙarshen mako. Yana nan a teburinsa kusa da ƙofar sito, haɓa fayau, yana shafa iska in zai yi magana. Dangi ba su daina kawo masa waya ba, shi ma bai daina zaginta ba kafin ya karɓa. Matarsa ce kawai abin bai gama yi mata daɗi ba. Ranar da ya dawo daga askin nan na biyu, ta dube shi sama da ƙasa, ta ajiye jan biron da ke hannunta.

"Tun muna amarya da ango nake roƙonka ka rage gemun nan, ka ce mini ba a taɓa maka shi. Yanzu akwatin bango ya yi maka ƙara biyu, ka je ka kwashe har ƙasa."

"Ke ba kya rubuta wa babban ofis," ya ce, ya wuce ɗaki yana neman caja.