Rakiyar Auta Jarrabawar Inshora

Ku matso ku ji, ni da kasuwar Gwiwa ma sai in shekara ban leƙa ba, wai ni ce har Babura.

Mun tashi da asuba ranar Litinin, ni da autata. Wani kamfanin inshora ne ya kira su bita da jarrabawa a Kazaure, kwana uku, rabinsu kawai za a ɗauka aiki. Shekara biyu ke nan da gama karatunta tana zaune a gida, takardun shaidarta har sun fara yagewa ta wajen ninki. Babanta ya ce ba za ta kwana a wani gari ita kaɗai ba. To kun ji abin da ya raba ni da tsakar gidana.

Babur muka hau zuwa Roni. An yanke gero, dammuna a jingine ko'ina, sai ƙamshin ƙasa da gyaɗa. Ɗan acaɓan yana gudu ina salati, har ya ce, "Iya, ki ɗan sassauta min riga, guda ɗaya gare ni." A Roni muka sha koko da ƙosai. Kokon dai ba laifi, amma ƙosan ya rame, kamar shi ma tsadar mai ta taɓa shi. Daga nan mota ta kai mu Kazaure. Duwatsun garin nan, wani a kan wani, ban yarda na wuce ta ƙarƙashinsu ba tare da addu'a ba.

Gidan ƙanwar babanta muka sauka. Kwana biyun farko a barandar ajin bitar na shimfiɗa tabarmata, kunnena na jikin taga. Ni da na ɗauka inshora takardar mota ce kawai. Ashe har gona da shanu ana yi wa: kowa ya sa kaɗan, wanda asara ta faɗa wa a tallafe shi. Mai koyar da su wata mata ce siririya mai gilashi, ko ɗaga murya ba ta yi. Sai ta rikiɗe ta zama manomin da ruwa ya cinye wa gona, ta yi ta masifa, ta ce a lallashe ta. Wanda ya katse ta, ta ce, "Zauna. Mai asara ba a riga shi magana." Wallahi matar nan ta burge ni.

Rana ta biyu aka yi gwajin kwamfuta, lissafi da zane-zane, agogo na tafiya. Auta ta fito ido jawur, ta ce ba ta gama ba. Saura gwaji ɗaya, in ta faɗi shi sai gida.

Ranar Laraba aka kwashe su a bas zuwa Babura. Malamar ta ce, "Hajiya, shigo, akwai wuri. Amma in mun je, bakinki alekum." A tasha na ga ana cinikin awaki da sefa, kuɗin Nijar, kamar ba a Najeriya ba. Muka wuce wata ruga a bayan gari, inda wani dattijo Bafulatani ya ce yana son ya ji yadda abin yake. Gwajin shi ne kowa ya cika fom ɗin shanun dattijon.

Na farko saurayi ne mai takalmi sau ciki, an ce shi ya fi kowa a kwamfuta. Yana tsaye ya ce, "Baba, shanunka nawa?" Wa ya taɓa tambayar Bafulatani yawan shanunsa? Dattijon ya dubi sama ya ce, "Na Allah ne." Ta biyun kuma ta miƙa yatsa ta fara ƙirge, ya tashi ya tare mata gaba da sanda.

Da aka kira Auta, harshena kamar ya tsinke don son in yi mata raɗa. Malamar ta kalle ni ta saman gilashi, na haɗiye.

Yarinyar nan ta cire takalmi, ta durƙusa, ta ajiye fom a ƙasa. Ta gaida shi, ta gaida gida, ta tambayi ruwa da ciyawa. Ina ta duban rana ina cewa lokaci zai ƙare. Can ta ce, "Baffa, jar can mai karyayyen ƙaho, me ya same ta?" Shi ke nan. Dattijo ya gyara zama. Ya faɗi sunanta, da uwarta, da 'ya'yanta, daga ita ya koma kan farar da ke kusa, har ya zagaye garken. Sannan ta ce, "In rubuta sunayensu, don kada a musanya maka wata da wata?" Ya ce, "Rubuta, 'yata." Ba wanda ya ambaci lamba, fom kuwa ya cika. Har fura aka dama mana.

Sai da muka iso Kazaure malamar ta kira sunayen waɗanda aka ɗauka, na Auta na uku. Na rangaɗa guɗa a gaban ofishin mutane, ban ma san na yi ba. Saurayin nan shi ma an ɗauke shi, amma an ce sai ya yi wata guda yana bin Auta ruga.

Alhamis da la'asar muka shiga gida, ƙafata a kumbure. Babanta da ya ji labari ya ce a yanka zakara. Abin da na gano shi ne mutanen nan ba ƙwaƙwalwa kaɗai suke aunawa ba, har da yadda mutum zai zauna a gaban babba. Ni kuwa da nake yi mata faɗan doguwar gaisuwa in na aike ta, na daina.

Ku fa, a cikin yaranku wa kuke yi wa faɗa a kan abin da wataƙila shi zai ci da shi?