Hayaƙin da Ban Faɗa wa Surukina Ba

Matso kusa, 'yar'uwa, don wannan maganar ba ta ɗaga murya ba ce.

Mijin autata ne ya ɗaura mana wasu 'yan na'urori a gidanmu na Gumel, tun bayan da wutar sola ta kusa cinye gidan maƙwabta. Ɗaya a ƙofar zaure, ɗaya a tankin ruwa, sai masu shinshinar hayaƙi a silin ɗin kowane ɗaki. Duk abin da suka ji, sai su kai wa wani mai gadi da ke cikin waya, wanda ba mutum ba ne, ƙirƙirarriyar basira suke ce masa. Shi ke yanke abin da za a yi.

Yadda autar ta fahimtar da ni, mai gadin nan yana da kayan aiki a hannunsa. Akwai na aika ɗan saƙo shiru, akwai na kunna jiniya, akwai na buga wa dangi da maƙwabta gaba ɗaya. Amma bai san amfanin ko ɗaya ba sai bayanin da aka rubuta masa a kai. In bayanin ya karkace, shi ma ya karkace. Aikin surukina ke nan, rubuta bayanan da gwada su.

Wata rana ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata, ni ina ciki na ja mayafi, autar tana tsakani. Wai yana so a karanta mini bayanan, tunda kunnena ba ya barin magana ta wuce da gurgunta.

Ta karanto na ƙofa: "A sanar idan an buɗe ƙofa."

Na ce, "Ce masa gidan nan tun asuba ake shige da fice. Masu sayen ƙuli kaɗai sun isa su kashe wayar."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya gyara. Na tankin ma na ce a bambanta ruwa ya ƙare da ruwa na zuba, don ɗaya haƙuri yake so, ɗaya gudu. Har na fara jin kaina.

Sai aka zo na hayaƙi: "A kunna jiniya, a kira kowa, idan hayaƙi ya turnuƙe wani ɗaki ban da madafi."

Ya ce, kansa a ƙasa, "A tambayi Umma, ban da madafi, akwai inda ake hayaƙi a gidan?"

Wallahi tun kafin ya rufe baki na ji ramin da ke cikin maganar. Malam, maigidana, shanu yake rakawa daga kasuwar Maigatari zuwa kudu, ya yi makonni. Duk ranar da zai dawo nakan rufe ɗaki in zuba garwashi a kasko, in yi turaren tsuguno da haɗin da wata 'yar Damagaram ke kawo mini. Tun ina amarya nake yi, ban fasa ba don na yi jikoki. To, da wane bakin zan faɗa wa mijin 'yata wannan?

Na ce, "Ce masa babu."

Ranar da Malam ya bugo cewa sun wuce Gagarawa, bayan la'asar ne. Na yi wanka, na tura ƙyaure, na lulluɓa da tsohon zane a kan kasko. Hayaƙi ya yi daɗi ke nan sai jiniya ta ɗauka, kamar motar asibiti ta shigo tsakar gida.

Kafin in lalubo ɗankwali, an banko ƙofa. Maƙwabciyata ce da bokiti, ta sheƙa mini ruwa tun daga ka. Bayanta mata, bayansu maza da yashi a kwano. Can sai ga surukina, ko takalmi babu, ya jefar da babur a zaure yana kiran, "Umma! Umma!"

Ƙamshi ne ya ba shi amsa. Ya tsaya cak, ya juya baya, ya fita da sauri kamar shi ya yi laifi.

Maƙwabciyar ta dafa bango tana dariya har da hawaye. "Hajiya, ashe gobarar ta Malam ce! Ku koma gida, jama'a, wannan wutar ba da ruwa ake kashe ta ba."

Malam ya iso ya tarar da ɗaki jiƙe, ni kuma na ƙi fitowa. Har yau in na bi layinmu, sai wata ta shaƙi iska ta ce, "Malam na hanya ne?"

Surukina bai sake taka gidan ba. Jiya dai ya aiko autar. Ya ce laifin bayaninsa ne, zai gyara, don cire na'urar ba zai yiwu ba, a ɗakina batirin sola yake. Sai dai mai gadin ba ya gane kawaici, sai an faɗa masa dalla-dalla: wane irin hayaƙi ne, yaushe ake yinsa, yana daɗewa ko ba ya daɗewa. Kuma shi zai rubuta da hannunsa.

Tana zaune tana jira, tana danne dariya. Ke da za ki ba ni shawara, me zan ce ta faɗa masa?