Wutar da ta ƙare a lungunmu

Shekarun baya, lokacin da ƙuruciya ke ɗibata, ina da wata tsohuwar mota wadda ba ta tashi sai an tura, amma kayan sautin cikinta sun fi injin daraja. Amfilifaya a ƙarƙashin kujera, ƙaton akwatin sifika a but. Kafin in shigo Goron Dutse an san ina tafe. Mahaifiyata kan ce, "Mutane na sayen mota, kai ka sayo gidan biki."

A lokacin kunnenta ya yi nauyi ƙwarai. Rediyo ba ta ji, abin ƙara ji na kunne kuwa ta ce ƙaiƙayi kawai yake sa ta. Wata rana zan kai ta asibiti, don kada ta yi min faɗan kiɗa sai na kunna karatun mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Alaramma ne, kuma muna da wani tsohon kaset na tilawarsa da na juye a waya. Murya gare shi mai kauri, irin ta mutanen Barno. Muna tafe sai ta dafa kafaɗata daga baya.

"Ɗan nan, Malam ne wannan?"

Na ce shi ne, Umma.

"Ƙara."

Wannan akwatin da take tsana, shi ne ya iya kai mata muryar mijinta. Daga ranar, kowace Juma'a sai na riƙo hannunta mu fito bakin titi, ta zauna a mota ta ji izu guda.

Daga baya ciwo ya kwantar da ita, ko zaure ba ta iya fitowa. Gidanmu kuwa a ƙarshen lungu yake, irin lungunan cikin gari da in kun haɗu da mai kura sai ɗaya ya koma baya. Mota ba ta shiga. Wutar gida ba a maganarta. Abu ɗaya take tambaya kullum: yaushe za ta ji Malam?

Sai na yi dabara irin tawa. Na kwance amfilifaya da akwatin na kai ɗakinta. Batirin motar ba ya riƙe caji sai inji na aiki, don haka na bar motar a kunne a bakin lungu, na jawo wuta daga can. Wayar wuta ta gida na yi amfani da ita, 'yar siririya, guntu-guntu, ina ɗaurawa ina naɗewa da salatif, ta kan katangar maƙwabta har ɗakin. Na tsaya ina kallon aikina kamar wani injiniya.

Na kunna, ya yi. Muryar ta fito a hankali. Ta ce, "Ban ji ba, ƙara." Ina ƙarawa, Malam ya ja numfashi zai ɗaga murya, sai ɗif. 'Yar jar fitila ta kama a jikin amfilifayar. In na rage sai ya dawo, amma a nan ba ta ji. In na ƙara zuwa inda za ta ji, sai ya ɗauke.

Haka muka yi ta fama. Na zargi sifika, na aro wata. Na zargi amfilifaya, na kai an buɗe an ce lafiyarta lau, kuma a mota tana aiki ras. Wani maƙwabcinmu ya ce a yi hayaƙi a ɗakin, ni ma har na fara yarda. Na lura wayar wutar tana ɗumi in na taɓa, amma na ɗauka rana ce. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda take gyara kwanciya ta juyo da kunnen da ya fi ji, tana jira, sannan ta ce, "Bar shi, gobe ma rana ce." A tsakanin nan zazzaɓi mai zafi ya kama ta, aka yi ta allurai.

Abokina mai wayarin ɗin mota ya tafi aiki Kudu a lokacin. Da ya dawo ya zo duba Umma, ya bi wayar da ido tun daga bakin lungu. Ya ciro mitarsa ya auna a kan batir, ya zo ya auna a ɗaki ina ƙara murya.

"Wutar mota ba ta da yawa, bolt goma sha biyu ce da ɗoriya," in ji shi. "A doguwar siririyar waya rabi a hanya take ƙarewa, kamar ruwan famfo a gidan ƙarshen layi. Da ka ƙara murya sai amfilifayar ta nemi wuta ta rasa. Ko fis ba ka sa ba, Allah ne ya tsare gobara. Mayar da ita mota kusa da batir, wayar sifika za mu ja."

Kafin la'asar ya gama. Ya zauna a mota da wayata, ni ina ɗaki. Muryar Malam ta cika gidan, har kwanukan kabad suna rawa. Tsofaffin lungu suka fito ƙofar gidajensu, wata tana share hawaye da mayafi, don sun san muryar.

Mahaifiyata ta kalli fuskata, ta kalli akwatin.

"An kunna?"

Na matsa kusa da ita. Na kama hannunta na ɗora a kan akwatin. Ta daɗe a haka, sannan ta janye.

"Yana motsi," ta ce. "Kashe, kada ka dami mutane."

Zazzaɓin ya tafi da ɗan jin da ya rage mata. Ta tashi daga ciwon, ta ƙara shekaru a duniya, amma ba ta sake tambayar Malam ba.

Na san komai da lokacinsa, kuma na sha faɗa wa kaina haka. Amma har yau in na ga an jawo siririyar waya ta kan katanga, gabana faɗuwa yake. Karatun yana nan a wayata. Motar da nake hawa yanzu tana tashi da kanta, kuma rediyonta a kashe yake.