Kazar Inna da batirin feshi

Jama'a, yau kaza ce ta ceci rumbunmu a Badafi!

Kun san batirin nan da na haɗa da tsofaffin batiran kwamfuta don injin feshi. Da hantsi Yaya Sale ya jona mini shi a sola, ya ɗora kan buhun dawa a gindin rumbu. Ashe cajar babur ya sa masa, ba tasa ba.

Kazar Inna ta ji ɗumi, ta hau kan batirin ta kwanta abinta. Ina alwalar azahar sai ta yi tsalle tana kyarkyara, gashin cikinta na ƙauri.

Inna ta ce, "Habu, me ya sami kazata?"

Na leƙa, batiri ya kumbura, ba ya taɓuwa don zafi. Na zare waya, na kwashe shi da shebur zuwa kan yashi a tsakar gida. Ko juyawa ban yi ba ya fashe, wuta ta tashi.

Yaya ya ce, "Ni na ɗauka caja duk ɗaya ce."

Na ce, "A'a Yaya, kowane batiri da tasa, kuma a ƙasa ake caji, mutum na kusa."

Inna ta rungumi kazarta ta ce, "Wannan dai ba mai yanka ta da Sallah."