Wa Ya Yi wa Kawu Sale Wanka?

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina mai harkar kaya a tashar jirgin ruwan Abidjan. Hanyar Legas muka bi, muka ratsa Kwatano da Lome da Akara. A kowace iyaka sai an sauke mu an ƙare mana kallo, har na gaji da ganin hoton fasfona.

Inna ce ta aike ni. Yayanta, Kawu Sale, ya rasu a can bara. A Abidjan ya girma, ya ƙware a besbol, wasan nan na ƙwallo da sanda, har aka ɗauke shi Japan ana biyansa. Da ya dawo ya yi kansila a unguwar Treichville ta Abidjan. Bai haihu ba, Hausarsa ma ta gudu, rasuwar kuma a waya muka ji. Tambayar Inna ɗaya ce: wa ya yi masa wanka, an kuwa sallace shi?

Da muka isa Abidjan, unguwar Adjamé ta rikita ni, cunkoson Kantin Kwari wasa ne. Na hau gbaka, ƙaramar bas ɗinsu, kwandasta yana lilo a ƙofa. Na ci garba, dambun rogo da soyayyen kifi, barkono ya sa ni hawaye a gaban jama'a.

Da muka haye gada zuwa Treichville, duk wanda na ambata wa Kawu sai ya ce min "yako", ta'aziyyarsu ke nan. 'Yan dako suka nuna min filin wasan da ya hana a sayar. Na ji daɗi, amma ba shi aka aiko ni nema ba. 

Daga nan aka tura ni unguwar Bromakoté wurin wani tsohon ladan. Ban yarda da shi nan take ba, don na san yadda ake wa mai makoki daɗin baki. Sai ya ce, "Ɗana, ni na wanke konseye, kansila ke nan. Yatsunsa biyu na hagu a karkace suke, da ƙyar na ratsa ruwa tsakaninsu. Sallarsa kuwa, sahu har titi."

Yatsun nan na san su tun ina yaro, ƙwallo ce ta karya su. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Tafiyar ta koya min cewa mu ne muka yi nisa da Kawu, shi yana cikin mutanensa. Da na iso gida na zayyana wa Inna komai. Ta sa na maimaita mata zancen yatsun, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi. To tashi ka ba ni wuri, yanzu zan yi kukan ɗan'uwana."