Hannu Ɗaya na Sharifu Mai Kalangu

A Zangon Sokodé, duk mahaucin da ya isa a kira shi mahauci, Sharifu ne ya yi masa take. Tun yana ɗan saurayi yake bin su rumfa-rumfa da kalangu a hammata, hagu na matsa tsarkiya, dama na dukan fata, har kalangun ya faɗi sunan mutum da na uwarsa. Su kuwa mahauta jin maganar kalangu suke kamar Hausar bakinsu.

Sai hawan jini ya kayar da shi wata Juma'a a bakin masallaci. Ya tashi, amma hannun hagu bai tashi ba. Ina amfanin kalangu babu mai matsa shi? Ya rataye abinsa, ya zauna. Masu kiransa biki suka koma yi masa sannu daga nesa, abin da ya fi ciwon cin rai.

A kayan gwanjon da ake kawowa daga Lomé ya ci karo da wata 'yar na'urar kiɗa, sinte ake ce mata, ba ta fi faranti ba. Murya ɗaya gare ta, sai an jira ta yi ɗumi kafin ta daidaita, amma in ka murɗa wani maɓalli sai sautin ya lanƙwasa kamar an matsa tsarkiya. Sharifu ya yi kuka ranar, wallahi. Tana da gurbi takwas: ka zuba mata sauti takwas, ta yi ta maimaitawa ba gajiya, ba hankali. Abin da ya wuce takwas kuwa, ba ruwanta.

Ya samo dabara. Na'ura ta faɗi farkon take, ya tsayar da ita, ya ƙarasa saura da yatsunsa. Watanni ya yi a ɗaki yana wannan fama.

Ana nan aka naɗa Nourou, tsohon abokinsa, Sarkin Fawa a Dapaong. Nourou ya aiko: ba wanda zai kaɗa masa take sai Sharifu. Taken kuwa shi ne, "Nourou ɗan Mairama, mushe bai taɓa wuƙarka ba." Gurbi takwas ɗin suka ƙare daidai kan "mushe". Sharifu ya lura, amma ya yarda da hannunsa. Ya san in ya yi kyau a Dapaong, ya dawo makaɗi ke nan.

Kuma ya yi kyau! Fili ya cika, ya kaɗa taken ya sake kaɗawa, tsofaffin mahauta na kallon juna suna cewa, "Kai, abin nan magana yake!" Nourou ya taso da rawaninsa, idonsa cike da ƙwalla.

"Sharifu, ashe kana nan!" in ji shi. Ya cafke hannun daman Sharifu ya ɗaga sama, yadda ake yi wa gwani.

"Sarki, sake ni," Sharifu ya ce. Guɗa ta hana a ji.

Na'ura ta ci gaba da aikinta. Nourou ɗan Mairama, mushe. Nourou ɗan Mairama, mushe. Sharifu ya dubi hannun hagunsa da ke reto, ga maɓallin tsayar da ita nan dab da shi. Guɗa ta mutu. Wani daga cikin waɗanda suka nemi sarautar suka rasa ya tuntsire da dariya.

Nourou ya sauke hannun a hankali, ya juya. Ba wanda ya zagi Sharifu, ba kuma wanda ya raka shi tasha.

Sharifu yana nan Sokodé, yana sayar da goro a ƙofar gida. An ce har yau a kasuwar Dapaong, Sarkin Mushe ake kiran Nourou a bayan ido. Sharifu ya ji wannan ma. Da wani ango ya zo neman take, Sharifu ya tura hannun dama cikin aljihu, ya ce masa makaɗin ya rasu.